Rajistar aikin kafa sabar ajiyar kaset da littattafan ajami, Janairu zuwa Afrilu 2025

Litinin, 13 ga Janairu

Kaya iri biyu ake son adanawa: muryoyin da ake kwafewa daga tsofaffin kaset, da hotunan shafukan littattafan ajami. A halin yanzu suna warwatse a kan ƙananan faya-fayan USB guda tara, kuma babu mai iya rantsewa cewa kowane fayil yana da kwafi na biyu.

An fara da lissafin wuri. Ana kwafar sauti a WAV, kilohaz 96, bit 24, hagu da dama, abin da ke cin bait 576,000 a daƙiƙa. Awa ɗaya GB 2.07 ke nan, kaset mai minti 90 kuwa GB 3.1, don haka kaset 3,000 za su ci TB 9.3. Shafin A4 mai launi a TIFF, ɗigo 600 a inci, MB 104 ne idan ba a matse ba, shafi 120,000 kuma TB 12.5. In aka ƙara da ƙananan kwafin da masu bincike za su riƙa saurara da dubawa, ana maganar TB 25 ne.

Kayan da aka tsayar: faifai tara masu TB 8, takwas na aiki, ɗaya na jiran ko-ta-kwana, SSD biyu masu GB 240 da Debian 12 zai zauna a kai, RAM GB 32 mai ECC, irin wanda ke gane kuskuren bit ɗaya ya gyara da kansa, katin haɗa faifai mai guntun LSI SAS2008, akwatin wuta mai wat 650, da UPS, batirin da ke riƙe injin idan an ɗauke wuta, mai VA 1,500. Da gangan aka raba sayen faifan gida biyu, don kada duk su tsufa lokaci ɗaya.

Sharaɗi guda ba a sassauta ba: faifan ya zama CMR, mai layukan rubutu da ba sa hawa kan juna, ba SMR ba. Faifan SMR yana ɗora layin rubutu a kan gefen na kusa da shi kamar jeren kwanon rufi, ba a taɓa ɗaya sai an sake jera maƙwabtansa. Idan aka zo sake gina faifan da ya mutu, saurinsa kan faɗi ƙasa warwas har ZFS, tsarin da ke haɗa faifan ya kula da fayilolin da ke kansu, ya ɗauka ya mutu ya fitar da shi. A 2020 aka gano wasu manyan masu ƙera faifai sun shigo da SMR cikin waɗanda ake sa wa ƙananan saba ba tare da sun bayyana ba, shi ya sa aka bi lambar samfurin kowanne aka gwada da takardar bayanansa.

Tsarin zai zama RAIDZ2, wanda ke jure mutuwar faifai biyu. RAIDZ1 zai ba da ƙarin TB 8, amma a nan Kano sabon faifai irin wannan kan yi makonni kafin ya iso, kuma a cikin makonnin nan ne na biyu ke iya bin bayan na farko.

Alhamis, 16 ga Janairu

An haɗa, an kunna, katin bai ga ko faifai ɗaya ba. Laifin waya ne. Wayar SFF-8087 mai rabewa huɗu iri biyu ce, kuma ido ba ya bambance su: ɗaya tana tashi daga kati zuwa faifai huɗu, ɗayar tana tattara ramukan SATA huɗu na babban allo zuwa bayan akwatin faifai. Ta biyun aka kawo. Da aka sauya, faifai biyar suka bayyana, uku suka yi tsit, ko motsin juyawa ba a ji idan an ɗora hannu.

Ukun nan daga rukuni na biyu suke, masu bin ƙa'idar SATA 3.3. A wannan ƙa'idar, haƙori na uku na filogin wuta ya zama makashi: muddin akwai bolt 3.3 a kansa, faifan ba zai tashi ba. Akwatin wutar da ke nan kuwa yana ba shi bolt 3.3 ɗin ba yankewa. Ana iya rufe haƙorin da siririn tef na Kapton, amma tef kan zame wajen cirewa da mayarwa. An zaɓi zare wayar bolt 3.3, mai ruwan lemo, daga igiyar SATA ɗin gaba ɗaya aka naɗe bakinta, tunda faifai mai inci 3.5 bolt 5 da 12 kawai yake sha. A guji mahaɗin Molex zuwa SATA mai arha wanda aka narka roba a kan wayoyinsa. An san shi da kamawa da wuta.

Katin ya zo da manhajar RAID a cikinsa, alhali ZFS yana so ya ga faifai tsirara. An mayar da shi yanayin IT, inda yake miƙa faifan kai tsaye, da `sas2flash`, sigar 20.00.07.00. Kafin gogewa, a rubuta adireshin SAS na katin a takarda. Tsakanin gogewa da ɗora sabuwar manhaja, in aka ɗauke wuta katin na iya tashi aiki, saboda haka a ɗakin da ke kan inbatar sola aka yi, kuma a can za a bar injin har gwaji ya ƙare.

Laraba, 22 ga Janairu

RAM ya wuce `memtest86+` zagaye huɗu ba kuskure. Daga nan aka saki `badblocks -b 4096 -wsv` a kan faifai tara a lokaci ɗaya, kowanne a tagarsa cikin `tmux`. Dole ne a sa `-b 4096`, domin da girman bulo na asali, bait 1,024, manhajar ba ta iya ƙirga abin da ya wuce TiB 4. Tana rubuta zane huɗu, 0xaa, 0x55, 0xff da 0x00, tana karanta kowanne, wato tana ratsa faifan sau takwas. A kan TB 8 kusan kwana biyar ne. Wannan gwajin yana share duk abin da ke kan faifai, ba a yin sa sai a kan sabo.

Bayansa aka yi `smartctl -t long`, aka duba SMART, rahoton lafiyar da faifai ke riƙewa da kansa: lamba ta 5, sektocin da aka sauya wa wuri, da ta 197, masu jiran hukunci, da ta 198, waɗanda suka ƙi karantuwa. Takwas sun nuna sifili. Ɗaya ya nuna 16 a lamba ta 197, doguwar jarrabawar kuma ta tsaya da kuskuren karatu. An mayar da shi, na jiran ya shiga gurbinsa. Har wani ya iso, babu faifan ko-ta-kwana.

Litinin, 27 ga Janairu

An ƙirƙiri ma'ajiyar da sunan `rumbu`:

`zpool create -o ashift=12 -O compression=lz4 -O atime=off -O xattr=sa -O acltype=posixacl -O normalization=formD rumbu raidz2` sai sunayen faifai takwas.

Sunayen daga `/dev/disk/by-id` aka ɗauko su, domin `sda` da `sdb` kan sauya tsakanin kunnawa da kunnawa, wancan kuwa yana ɗauke da lambar jikin faifan. An rubuta haruffa huɗu na ƙarshen lambar a tef an manna a goshin kowane gurbi. Ranar da faifai ya mutu, wannan tef ɗin ne zai hana a zare mai lafiya.

Ban da tsarin `raidz2` kansa, abu biyu a umarnin nan ba sa gyaruwa daga baya. `ashift=12` yana gaya wa ZFS sekta bait 4,096 ce, ko da faifan ya ce 512; `normalization` kuma sai lokacin ƙirƙira ake sa shi. Sauran ana iya sauya su kowane lokaci.

Faifai shida na bayanai sau TB 8 ya ba da TB 48 a lissafin kwali, `zfs list` kuma ya nuna kusan TiB 41. Ba a son a wuce kashi 80 cikin ɗari, don haka abin da za a yi aiki da shi wajen TiB 33 ne. Ya isa.

Sassa uku: `rumbu/shigowa` inda ma'aikata ke zuba sabon aiki, `rumbu/asali` na fayilolin da aka tantance, da `rumbu/amfani` na ƙananan kwafi. An sa wa `asali` `recordsize=1M` tunda manyan fayiloli ne da ake rubutawa sau ɗaya. Ba a kunna `dedup`, mai haɗe bayanan da suka maimaitu, ba. RAM zai ci, kuma sautin kaset biyu ba ya taɓa zama iri ɗaya bit da bit.

Litinin, 3 ga Fabrairu

An kai sabar ɗakinta na dindindin. Kwafi daga kwamfutar ɗakin sikana ya tsaya cak a MB 11 a daƙiƙa. Wannan adadin shi kansa shaida ne, domin iyakar layi mai megabit 100 ke nan. `ethtool` a kan sabar ya nuna 1000Mb/s tsakaninta da suwic, a can ɗakin sikana kuwa 100 aka samu.

Layin megabit 100 wayoyi huɗu kawai yake amfani da su, na 1, 2, 3 da 6. Gigabit yana buƙatar duka takwas. In ɗaya daga cikin 4, 5, 7 ko 8 ya yanke, na'urorin biyu sai su sauka zuwa 100 shiru, fitila tana ci, intanet tana aiki, babu mai zargin komai. Na'urar gwada waya ta nuna na 7 ba ya kawowa. Da aka yanke kan RJ45 ɗin aka kankare wayar da wuƙa, sai ga farin ƙarfe a ƙarƙashin jan: aluminiyam ne aka yi wa rufin tagulla. Irin wannan kebul ɗin ya cika kasuwa, kwalinsa na cewa Cat6, amma yana karyewa a wurin matsewa. Nauyin kwalin ma kan tona shi, ya fi na tagulla zalla sauƙi nesa ba kusa ba.

An ja sabon kebul na tagulla, mita 38, aka ƙare shi a soket na bango maimakon matse masa kai, bisa jerin T568B: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. `iperf3` ya ba da megabit 940, kwafin babban fayil ya kai MB 112 a daƙiƙa. Gigabit ba ya wuce haka.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Sabar tana ɓacewa daga netwok da hantsi, ta dawo bayan an tashi aiki. Adireshinta 192.168.1.50 ne, rautar ofis kuma tana raba adireshi daga .2 har .254, sai ta ba wayar salular wani ma'aikaci .50 ɗin. `arping -D` daga wata kwamfuta ya nuna wayar tana amsawa a kan adireshin sabar. An taƙaita rabon rautar zuwa .100 har .200, aka mayar da sabar .10, UPS da suwic kuma aka tanadar musu .11 da .12.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Samba, manhajar da ke buɗe wa kwamfutocin Windows foldojin sabar, ta tashi. `shigowa` ne kaɗai ma'aikata ke iya rubutu a ciki, kowa da sunansa da kalmar sirrinsa. `Asali` karatu kawai, ko ga shugaban sashe. Ana ɗaukar hoton halin `shigowa` kowace awa da `sanoid`, kuma da `shadow_copy2` mai Windows na iya danna dama ya dawo da fayil ɗin da ya goge da kansa.

Kwamfutar da ke tuƙa tsohuwar sikana tana kan Windows XP, SMB1, tsohuwar hanyar raba fayiloli a netwok, kaɗai ta sani. Ba za a buɗe mata SMB1 ba. Ta wannan ƙofar cutar kwamfuta ta WannaCry ta yaɗu a 2017. An cire ta daga netwok, aikinta zai riƙa fita a faifai.

Sunayen fayiloli su suka cinye yinin. Haruffa masu ƙugiya ba su da matsala, ɓ da ɗ da ƙ kowanne harafi ɗaya ne a Unicode, Samba na wuce da su lafiya. Matsalar tana wurin 'y. An samu folda uku masu suna ɗaya a ido, duka na waƙoƙin 'yan kama, amma waƙafin sama na kowacce daban: U+0027 na allon rubutu, U+2019 da Word ke sauyawa da kansa, da U+02BC. Kayan da suka zo daga Damagaram kuma da ƴ aka rubuta su, yadda ake yi a Nijar. `formD` ba ya haɗe waɗannan, aikinsa shi ne wasali mai alamar karin sauti da Mac ke rabawa gida biyu.

Akwai kuma fayilolin da aka sa wa suna a zamanin tsofaffin font na Hausa, inda ake buga } a ga ƙ, ] a ga ɗ, ~ a ga ɓ. Ba font ɗin, sai a ga `wa}ar ]an sarki.wav`. Mai neman "waƙar" ba zai taɓa cin karo da shi ba. Sunaye masu alamar tambaya ko ɗigo biyu, waɗanda Windows ta haramta, Samba tana nuna su a gajarce da wasu haruffa marasa ma'ana. Wasu sunayen Larabci da aka kwance daga tsofaffin ZIP kuma ZFS ya ƙi karɓarsu da kuskure mai lamba 84, saboda ba UTF-8 ba ne. `convmv -f cp1256 -t utf8 --notest` ya daidaita su.

Hukuncin da aka yanke: sunan fayil a `asali` lamba ce kawai, kamar `KST-00412_A.wav` ko `AJM-0087_0153.tif`. Taken aiki da Hausa, da ƙugiyoyinsa cif, da sunan mawaƙi ko malami, da garin da aka ɗauka, duk suna cikin rajistar CSV mai UTF-8, tare da ginshiƙi na musamman da ke riƙe da tsohon sunan yadda aka same shi. Wannan ginshiƙin ba a taɓa shi, domin sau da yawa shi kaɗai ne abin da ya rage daga bayanin wanda ya yi kwafin.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ana kwashe faya-fayan USB. Ga kowanne: a ɗaura shi da `mount -o ro` don kada a rubuta masa komai, a fitar da `sha256sum` na kowane fayil daga kansa, a kwafa da `rsync -rt`, sannan washegari, bayan an sake kunna sabar don RAM ya wofinta, a sake lissafin a kan `rumbu` a gwada. Ba a dogara da cewa `rsync` ya gama lafiya, domin abin da faifan tushe ya miƙa masa shi yake tabbatarwa, ko daidai ne ko ba daidai ba.

Bakwai sun wuce sumul. Na takwas ya ba da fayil 14 da lambobinsu suka saɓa, kuma da aka sake lissafi a kan tushen, lambar ta sake sauyawa. Fayil ɗaya, karatu uku, amsa uku. SMART na faifan ba ya nuna komai, don haka aka zargi ƙaramin allon da ke juya USB zuwa SATA. An fasa kwanson aka haɗa faifan kai tsaye da babban allo, lambobin suka tsaya. Ba kowane ƙaramin faifai ke ba da wannan dama ba, wasu ramin USB ɗin a jikin allon faifan aka like shi.

Na tara yana ƙara yana tsayawa. Irin wannan ba a sa masa `rsync`, kowane sake gwadawa ƙara masa rauni yake. An ɗauki hotonsa gaba ɗaya da `ddrescue -n` tare da fayil ɗin taswira, ya kwashe wuraren da ke karantuwa tukuna, sannan `-r3` ya koma kan masu wuya. Kilobait 212 suka ƙi, sun faɗa cikin TIFF biyu. Littafin yana nan, za a sake ɗaukar shafukan.

Sai wata ɓarna da lissafin SHA-256 ba ya gani, domin tun a tushe ta faru. `find -size 4294967295c` ya fito da WAV shida masu girma ɗaya daidai, wato iyakar FAT32. A kan bait 576,000 a daƙiƙa, ana kai wannan iyakar a minti 124. Sautin tafsiri ne da aka ciro daga kaset ɗin bidiyo masu awa uku, kusan awa guda ta ƙarshen kowanne babu ita. An sa su a jerin sake kwafi, wannan karon a RF64, tunda WAV ɗin kansa ba ya wuce GB 4.

Kowane tari da ya wuce tantancewa ana naɗe shi a tsarin BagIt na RFC 8493: fayiloli a cikin `data`, lambobinsu a `manifest-sha256.txt`. ZFS yana da nasa lissafin a kan kowane bulo, amma wannan a cikin ZFS yake zama. Na BagIt yana bin kayan duk inda aka kai su.

Talata, 4 ga Maris

An ɗauke wuta, sabar ta mutu nan take, alhali UPS ɗin na nuna nauyin da ke kansa bai kai kashi 30 ba. Da aka gwada da gangan, aka zare filoginsa daga bango, haka ta sake yi. UPS ɗin yana fitar da wuta mai hawa-hawa ne idan ya koma kan batir, akwatin wutar sabar kuma mai gyaran PFC ne, irin wanda kan kashe kansa idan wutar ba mai santsin lanƙwasa ba ce. An sauya da UPS mai fitar da tsantsar sain.

ZFS bai lalace ba, tunda ba ya rubutu a kan tsohon bulo sai ya gama sabo. Abin da aka rasa rubutun daƙiƙoƙin ƙarshe ne. Amma lamba ta 192 a SMART, mai ƙirga janye kan karatu na gaggawa, ta hau a duka takwas, kuma wannan ba abin da ake son ya yawaita ba ne.

Da janareta ya tashi sai sabon UPS ɗin ya shiga ƙyas-ƙyas, yana karɓa yana saki har batir ya kusa ƙarewa. `upsc` ya nuna `input.frequency` na lilo tsakanin 46 da 53 maimakon haz 50, musamman idan na'urar sanyaya ɗaki ta kama. Mai gyaran janareta ya daidaita gwamnan injin, aka kuma rage tsananin tantancewar UPS ɗin zuwa matsakaici. Maganin gaske UPS ne mai juya wuta sau biyu, an sa shi a kasafi.

A NUT, manhajar da ke sa ido kan UPS, `upssched` yana jiran minti biyar a kan batir, in wuta ba ta dawo ba ya kashe sabar cikin tsari, sannan UPS ya yanke mata wuta. Wannan yankewar dole ce, in ba haka ba saitin BIOS na tashi da dawowar wuta ba zai ga wutar ta tafi ba balle ta dawo. Sabar na cin wat 95 a zaune, tana kai 230 lokacin da faifai takwas ke tashi tare. Soket ɗin ɗakin ba shi da wayar ƙasa, jikin akwatin har yana ɗan ja. An kafa sandar tagulla an haɗa.

Litinin, 10 ga Maris

`zpool status` ya nuna ba a taɓa yin zagayen tantancewa ba, wato `scrub`, inda ZFS ke karanta kowane bulo ya gwada da lissafinsa. Debian yana sa `scrub` ne a Lahadi ta biyu ta kowane wata da ƙarfe 12:24 na dare, lokacin da ginin ba wuta, sabar kuma a kashe. An mayar da shi Litinin ta farkon wata da ƙarfe 8:30 na safe. Da azumi ana kashe janareta da wuri, amma ba damuwa, zagayen yana ci gaba daga inda ya tsaya idan an sake kunnawa. Na yau an sa shi da hannu: TB 12, awa huɗu da 'yan mintuna, ba kuskure.

A `zed.rc` an sa `ZED_NOTIFY_VERBOSE=1` don saƙon imel ya zo ko da komai lafiya. Watan da saƙo bai zo ba, a je a duba.

Talata, 8 ga Afrilu

Zagayen jiya ya fito da kurakurai a ginshiƙin CKSUM na faifai biyar, `dmesg` kuma cike da saƙonnin katin yana sake tayar da faifai. Duk an gyara su daga sauran faifan, ba fayil da ya lalace. Ba a yi gaggawar `zpool clear` ba sai da aka kwafe sakamakon.

Faifai biyar ba sa lalacewa rana ɗaya. Lambobi na 5, 197 da 198 sifili ne a dukansu. Ta 199, mai hawa idan waya ce ke da matsala, ita ma ba ta motsa ba, `edac-util` kuma bai ga kuskure a RAM ba. Abin da faifan suka yi tarayya a kai shi ne kati da akwatin wuta. Lokacin saƙonnin ya ƙarasa bayani: babu ko ɗaya kafin azahar, duk tsakanin ƙarfe biyu da huɗu suke. Ɗakin ya kai digiri 38 a lokacin, faifan suna tsakanin 47 da 51, ƙarfen sanyaya katin kuwa yatsa ba ya iya daƙiƙa biyu a kai. An ƙera katin ne don akwatin saba mai iska mai ƙarfi, a wannan akwatin kuwa yana lungun da iska ba ta ratsawa. Ragar gaba ma ƙurar hunturu ta toshe ta, ta yi kauri har ana ɓamɓaro ta da farce.

An fitar da akwatin waje aka hure shi, ana riƙe da kowace fanka don kada iskar ta juya ta fiye da ƙima. An cire ƙarfen katin, tsohon man da ke ƙarƙashinsa ya bushe ya zama gari, aka goge aka sa sabo, aka ɗaure fanka mai milimita 40 a kai. An ƙara fanka biyu masu milimita 120 a gaban faifan. Yau da la'asar faifan na tsakanin 39 da 42, an sake zagayen da rana tsaka, ba kuskure ko ɗaya. `smartd` yanzu yana da `-W 4,45,50`, zai rubuta a 45, ya aiko saƙo a 50. Wankin raga ya zama aikin kowace Juma'a. Batirin UPS ma zafin nan na cin sa, ƙarin digiri goma a kan 25 kan rage rayuwarsa da kusan rabi, don haka an sa gwajinsa duk wata uku.

Alhamis, 17 ga Afrilu

RAIDZ2 ba ya tare gobara, ko sata, ko tsawa, ko `zfs destroy` da aka buga a inda bai dace ba. An gama haɗa saba ta biyu, faifai shida masu TB 8, ita ma RAIDZ2, bayan ta sha irin gwajin da ta farko ta sha.

An duba batun turawa ta intanet aka ajiye shi. Layi mai megabit 10 yana tura GB 108 a yini idan bai yanke ba, TB 14 da ke ciki yanzu zai ɗauki kwana 130. An ajiye injinan biyu kusa da juna aka haɗa su da waya, kwafin farko ya ɗauki wajen awa 36 na aiki. An karɓa da `zfs receive -s`, don haka duk lokacin da aka kashe, sai a ɗauko `receive_resume_token` a ci gaba da `zfs send -t` maimakon a koma farko.

Ta biyun ce ke jawowa da `syncoid`, ta farko ba ta da mabuɗin shiga ta biyu. Ko wani ya ƙwace ta farko, hannunsa ba zai kai ga kwafin ba. Asusun da ake jawowa da shi `send` da `hold` kawai aka ba shi da `zfs allow`, hotunan da `sanoid` ya riga ya ɗauka yake bi. An kai ta wani gini mai layin wuta daban. Tsakanin gini da gini zaren gilashi za a ja, ba tagulla ba, saboda damina na tafe kuma tsawa kan bi kebul ta ƙone suwic a ɓangarorin biyu. Kafin a ja, ana kai bambancin mako a faifai.

Litinin, 28 ga Afrilu

Faifan da aka sauya ya iso ya wuce `badblocks`. Sai an gwada akan san na ƙwarai, don haka aka yi atisayen mutuwar faifai: `zpool offline` a kan na gurbi na shida, aka gane shi ta tef ɗin goshi, aka zare, aka sa sabon, aka ba da `zpool replace`. ZFS bulon da ke da kaya kawai yake sake ginawa, wajen TB 2.4 a faifai, ya gama cikin awa shida ma'aikata na ci gaba da aikinsu. Wanda aka zare ya zama na jira, an rufe shi a ledarsa da 'yar jakar shan danshi.

Daga saba ta biyu aka dawo da tarin ajami guda, GB 310, zuwa wani faifai daban, aka bi `manifest-sha256.txt`. Duka sun yi daidai. An buɗe shafuka an duba da ido, an kuma saurari farko da ƙarshen wasu kaset.

A wurin nan aka lura agogon saba ta biyu yana komawa baya shekaru duk lokacin da aka yanke mata wuta. Batirin CR2032 na babban allonta ya mutu, bolt 2.1 ya nuna maimakon 3. Ba ƙaramin abu ba ne, tunda `sanoid` da agogo yake yanke wane hoto ya tsufa ya goge. An sa sabon batir, aka kuma hana aikin gogewa tashi har sai `chronyc waitsync` ya tabbatar da lokaci. Kafin zaren gilashi ya haɗu, gogewar a kashe take a can.

Saura jan zaren gilashi, da UPS mai juya wuta sau biyu, da kwafi na uku da zai bar garin. Ana duba kaset na ajiyar bayanai na LTO-8, mai ɗaukar TB 12 ba matsi, wanda uku za su ɗauke tarin idan ya cika, sai dai yana son ɗaki mai sanyi marar ƙura, kuma injinsa LTO-7 da LTO-8 kaɗai yake karantawa. Zagayen tantancewa na gaba Litinin ne, 5 ga Mayu, a kan injinan biyu.